Hoton da Inna ke nunawa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Jiya na sha mamaki. Na je neman aikin gadin filin ƙwallo a Lusail, a nan Qatar, mai tantancewa ya matsa damtsena, ya ce "flabby", ya wuce. Wani ɗan Zango, Bahaushen Ghana, ya fassara min: wai naman jikina ya saki, ba ƙwari. Ni da nake saɓa buhun masara a Dawanau! Ashe ƙibar kullen korona da kuke yi min barka da ita ce ta ja min. Sun ce in dawo bayan wata guda.

A taya ni da addu'a, a gaida kowa. Don Allah Inna ta daina nuna wa maƙwabta hoton ƙibar nan tawa.

Ƙaninka