Daƙiƙa Tara Daga Muryar Tukur

Gusau, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Tunda aka rufe layukan waya na koma takarda. Yari direba zai miƙa miki wannan in ya shigo Bungudu.

Yari ya ce Inna na tambaya ko har yanzu ina tara bola a shago. Ki ce mata bolar ta yi magana. Yanzu ba mai kawo gyaran waya, sai na sami lokacin ƙarasa aikin nan da na daɗe ina ba ki labari. Na jera matattun wayoyi da tsofaffin rediyoyin da nake saya wurin 'yan gwangwan a jikin katako, na haɗa su da lasifikoki da batirin mota. Yaya, kowane mataccen abu da kukansa. Caja tana zuga kamar sauro, fankar kwamfuta tana huci kamar wanda ya sha gudu. Wasu wayoyin suna zuwa da memori a ciki, sai in yanko guntun murya ko dariya in gauraya da waɗannan ƙararrakin.

Abokina Abdulrahman, malamin zane, ya ba ni zauren gidansu na kafa shi. Mutane suna shigowa, su yi shiru, su daɗe a tsaye. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Mahadi

Gusau, 29 ga Satumba, 2021

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji Inna ta fara takawa, alhamdu lillahi. Ni dai jikina lafiya, amma raina ba daɗi.

Ran Litinin wani dattijo, Malam Bawa, ya kawo rediyonsa gyara. Mutumin Bilbis ne, rashin zaman lafiya ya mai da su Tsafe. Da na ga zai jira, sai na kai shi zauren don ya ga aikina, har ina jin kaina. Na kunna. Akwai wurin da wani mutum yake dariya, ya ce, "Ummi, zo ki riƙe min," sai ƙarar caja ta rufe shi, ya sake dawowa. Wurin na fi so a duk aikin.

Dattijon ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Ya ce, "Wagga muryar ɗana ta." Sunansa Tukur. 'Yan bindiga suka kashe shi bara a hanyar gona, ba a ko ga wayarsa ba. Ummi 'yarsa ce. Ba su da hotonsa, ba su da komai nasa sai fartanya.

Sai ya tambaye ni sauran maganar.

Yaya, maganar ta kai minti huɗu. Daƙiƙa tara na yanka, don dariyar ta dace da abin da nake haɗawa. Daga nan na goge memorin na zuba kukan fanka a kai, saboda ina buƙatar wuri. Na kwana biyu ina ƙoƙarin dawo da ita, na kai wa wanda ya fi ni sanin kwamfuta, ya ce abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi.

Ko sau ɗaya ban tsaya na ce wannan muryar ɗan wani ce ba. Da kilo na sayo ta, sai na ɗauka tawa ce.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mahadi

Gusau, 11 ga Oktoba, 2021

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Inna da yara. Na sami wasiƙarki. Kin ce in je da kaina, kada in aika, kuma na je.

Na cire ƙarar caja daga muryar, na sa ta a ƙaramar rediyo mai cin memori, na tafi Tsafe ran Asabar. A ɗaki ɗaya suke, bayan tasha. Malam Bawa ya shimfiɗa min tabarma, ya kira Lami, matar marigayin. Ta zauna daga bakin ƙofa, Ummi na jikinta. Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba.

Da na kunna, Ummi ta waiga bayanta, wajen ƙofar gida. Lami ta rufe fuska da mayafi. Sau uku aka sake.

Bayan ta natsu, sai ta ce, "Malam, tunda kai ka ji sauran, gaya min abin da ya ce."

Sau ɗaya na saurara, kuma ba maganarsa nake bi ba, inda muryar ta fi fita tas nake nema. Na tuna akwai kukan akuya, akwai ƙarar bokiti. Wallahi zuciyata ta ce in ƙirƙiro wani abu, in ce ya ambaci sunanta. Da na faɗa, da ta riƙe shi har ƙarshen rayuwarta. Na kasa. Na ce mata ban riƙe ba, sai kukan akuya da ƙarar bokiti.

Sai ta ce, "Bokiti? To wanka yake wa akuyar nan mai ƙazuwa. Ina tsakar gida ranar." Ta yi ɗan murmushi. Har fura ta dama min, kuma na sha da ƙyar. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Na kwance katakon, Abdulrahman bai ji daɗi ba. Ya ce aikin ba shi da laifi. Wataƙila zan sake haɗa shi, amma ba da muryar wanda ban roƙa ba. A gwangwanin madara ina da memori sama da ɗari da ban taɓa ba. Kullum da safe ina sauraron biyar, daga farko har ƙarshe, ina rubuta sunaye da garuruwan da aka ambata.

Ga roƙona. A ɗaya daga ciki akwai wata tsohuwa tana yi wa jikarta Salma nasiha ranar da za a kai ta ɗaki, ta ambaci Bungudu sau biyu, ta ce gidansu na kusa da marina. Ki tambaya min a hankali. In an dace, ki ce wa Salma akwai ajiyarta a wurina, minti goma sha ɗaya, ban taɓa ko daƙiƙa ɗaya ba.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Mahadi