Na Ɓoye Wa Likita Ƙwayar Da Mijina Yake Sha

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mijina manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bunkure, shinkafa da tumatir. Shekara uku ke nan yana shan tramol, wai ita ke ba shi ƙarfin ban ruwa, ni kaɗai na sani, don mahaifinsa malamin Islamiyya ne. Watan jiya ya fara aman jini, muka je asibiti a Kano, likita ya ce za a zura masa roba mai kyamara ta baki a leƙa cikinsa, amma sai an yi masa allurar barci. Kafin allurar ya tambaye mu ko yana shan wata ƙwaya, mijina ya zuba min ido, ni kuma na ce babu.

Allurar ba ta kama shi sosai ba. Ana tsaka da aikin ya zabura, ya fizge robar, ya naushi nas ɗin da ke riƙe masa kai har haƙorinta ya fita. Ƙaninsa da ya rako mu, da ya ji ihu ya banke ƙofa ya shaƙe likita, wai za su kashe masa yaya, da ƙyar masu gadi suka ɓamɓare shi. Wallahi har yau gani nake ni na cire wa baiwar Allahn nan haƙori.

Duk da haka likitan ya ja ni gefe, ya ce zai sake gwajin, amma sai an gaya masa gaskiyar abin da yake sha, don a san irin allurar da za ta riƙe shi. A gida kuwa an yanke cewa aljanu ne, kullum ruƙiyya da hayaƙi. Da na roƙi mijina mu koma, marina ya yi har kunnena ya toshe, ya ɗauko lauje ya nuna ni da shi, ya ce ranar da maganar ƙwayar ta fita a bakin aurena. Shekaranjiya ya sake aman jini a bakin kanal ɗin ban ruwa, a kan babur aka kawo shi gida a sume.

Ina jin haushinsa, ina tsoronsa, kuma ba na son ya mutu ya bar min yara biyu. In tunkari mahaifinsa ne, ko in saci jiki in je wa likitan ni kaɗai? In na faɗa zai sake ni, in na yi shiru ni zan yi takaba. Ya zan yi?