Kada Ku Maimaita Gaisuwar Ɗanladi Ranar Juma'a

Zuwa ga Manajan gidan rediyon da ya watsa muryoyin ɗalibaina ranar Asabar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa, ranka ya daɗe, da na fito da wannan magana fili. Ba haka na so ba. Sau uku na zo ofishinka tsakanin Litinin da safiyar Talata. Sau biyu aka ce kana taro, na ukun aka ce ka fita. Na bar takarda a hannun sakatarenka, har yanzu shiru. Yau Laraba, abin da nake gudu kuma jibi Juma'a zai faru, don haka ba ni da sauran lokacin zaman benci a ƙofarka.

Ba zan ambaci sunan tasharku ba, haka ma sunan ƙauyen da maganar ta shafa. Kai ka san da kai nake. Ni ne dattijon nan da ya yi shekaru yana haɗa sauti a situdiyo kafin ya yi ritaya, yanzu kuma yake shiga gidan gyaran hali sau biyu a mako yana koya wa mazauna gidan aikin rediyo: yadda ake riƙe makirufo, yadda ake rubuta labari, yadda ake yin hira, da yadda ake tace murya. Damuwata ɗaya ce. Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye cikin fadama da ba ta san ɗanta yana tsare ba, kuma idan kuka maimaita shirin nan jibi, daga bakin tasharku za ta ji.

Na ɗaya. Bari in faɗi yadda muryar ta samu, domin in ba a san yadda nake koyarwa ba, ba za a gane girman ɓarnar ba. Mutumin da bai taɓa magana a makirufo ba, da ka miƙa masa sai muryarsa ta ƙanƙance, ya riƙa karanta takarda kamar mai ba da shaida a kotu. Mutanen da nake koyarwa kuwa kotu ce ta kawo su, tsoronsu ya ninka na kowa. Saboda haka darasin farko a ajina kullum shirin gaishe-gaishe ne. Nakan ce wa mutum ya ajiye takarda, ya rufe ido, ya gai da mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na gaskiya. Na gwada da sunayen ƙarya a baya, ba ya aiki, muryar ba ta buɗewa. Amma da mutum ya kira sunan mahaifiyarsa, sai ka ji ainihin muryarsa ta fito. Kafin kowa ya fara, nakan yi musu alkawari a gaban jami'in da ke kula da ajin cewa wannan gaisuwa ta koyo ce, ba za ta fita daga ɗakin nan zuwa kunnen jama'a ba. A kan wannan alkawari su goma sha ɗaya suka saki jiki da ni.

Na biyu. Ɗaya daga cikinsu zan kira shi Ɗanladi, ba sunansa ba ne. Masunci ne, mai shekara talatin da 'yan kai. Rigima ce ta haɗa shi da wani a kan wurin kafa komar kamun kifi, ya buge shi da sandar tuƙa kwale-kwale, ya karya masa hannu. Bai taɓa musun laifinsa ba, ni ma ba wanke shi na zo yi ba. Saura masa wata huɗu ya fita. Mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Iya, ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, tana fama da hawan jini, idonta kuma ya tafi. Ranar da aka yanke masa hukunci yayyensa biyu suka zauna suka yanke shawarar gaya mata cewa ya bi abokansa kamun kifi can wajen Tafkin Chadi, inda waya ba ta shiga. A ƙauyen masunta wannan ba abin mamaki ba ne, maza sukan tafi su daɗe. Mutum zai iya cewa sun yi daidai, wani ya ce sun yi kuskure. Ni kaina ban tabbata ba. Abin da na tabbata shi ne uwarsu ce, su suka san ƙarfin zuciyarta, kuma ba hurumin gidan rediyo ba ne ya warware musu wannan shawara.

A gaisuwarsa Ɗanladi ya faɗi cikakken sunansa da sunan ƙauyensu. Ya gai da yayyensa, ya gai da liman, sannan ya kira Iya da sunanta ya ce ta yi haƙuri, ya kusa dawowa. Ya faɗa ne don ya san ba za ta ji ba.

Na uku, nan ne nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Mai shirya shirye-shiryenku ƙanena ne a aiki, a hannuna ya koyi haɗa sauti. Da izinin hukumar gidan na kai masa muryoyin a katin ajiyar sauti domin ya saurara ya ga ko akwai waɗanda tasharku za ta iya karɓa su ƙara koyo bayan sun fita. Na gaya masa baki da baki cewa na saurare ne kawai, ba na watsawa ba. Ya ce ai ba sai na faɗa ba. Ban sa shi ya rubuta ba, ban karɓi sa hannunsa ba, don kunya ta hana ni neman takarda a wurin wanda yake durƙusawa ya gaishe ni. Wannan wauta tawa ce, kuma ina ɗauke da ita.

Amma ba ni na sa katin a na'ura ba. Ranar Asabar da hantsi tasharku ta watsa gaisuwar mutum bakwai daga cikin ɗalibaina, ba a cire suna ko ɗaya ba, ba a sauya murya ba, ba a tambayi kowa ba. Mai gabatarwa kuma ya buɗe da bayyana wa duniya cewa waɗannan muryoyi ne daga gidan gyaran hali, har yana yi musu fatan shiriya. Sauran shidan danginsu sun san inda suke, ko da yake su ma an ci amanarsu. Ɗanladi ne na huɗu a jerin. Allah ya sa a wannan safiyar ƙaramin yayansa ya kawo Iya asibiti nan Haɗeja awon jini, tana kan layi lokacin da ƙauyen gaba ɗaya ke sauraron ɗanta.

Na huɗu. Ranar Lahadi babban yayan ya zo har gidana. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni ne kawai ko ni ne malamin da ya ce maganar ba za ta fita ba. Na ce ni ne. Ranar Litinin hukumar gidan ta dakatar da ajina har sai an yi bincike, kuma ban ga laifinsu ba. Kafin in fito aka bar ni na ga Ɗanladi na ɗan lokaci. Tun Asabar bai ci abin kirki ba. Bai ɗaga kai ya dube ni ba, tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, ko Iya ta ji. Ba don a buɗe mini aji nake wannan rubutu ba, wannan maganar wata rana ce.

Da na samu mai shirya shirin a harabar tasharku, sai ya tare ni da fara'a yana yi mini albishir. Wai shirin ya karɓu, masu sauraro sun yi ta kiran waya suna kuka, shi ya sa aka sa shi a maimaita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da aka fi sauraro. Na yi masa bayanin Iya tun daga farko har ƙarshe. Ya ce jadawalin mako ya riga ya fita, an yi ta sanarwa, kuma kai kaɗai ke da ikon sauyawa. Ranka ya daɗe, na yi aikin nan kafin a yaye shi. Yanke muryar mutum ɗaya daga cikin shiri bai kai lokacin shan kofin shayi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba.

Ga abin da nake roƙo. A soke maimaicin ranar Juma'a gaba ɗaya. In an ga ba za a iya ba, a cire muryar Ɗanladi, a kuma nemi yardar sauran shidan a rubuce ta hannun hukumar gidan kafin a sake taɓa tasu. A dakatar da sanarwar da ake yi safe da yamma. A dawo mini da katina, a goge abin da aka kwafa. Kada kuma a ba da haƙuri ta iska, don ba da haƙurin ma wani tonon asirin ne. A aiko wa mutanen nan da shi a takarda, ni zan kai musu.

Na biyar, kuma shi ne abin da ya sa na zauna rubutu. Jiya Talata, bayan na baro ofishinka, na tafi ƙauyen. Ruwa ya cinye hanya, daga inda babur ya tsaya sai da na shiga kwale-kwale. Mutanen garin sun yi abin da ban zata ba: kowa ya ji, kowa ya kama bakinsa, har mata masu shiga gaishe ta. Amma yayyen sun ce mini ba za su iya rufe rediyon gari guda ba. Dangar zana ce kawai tsakanin gidajen, ranar Juma'a baƙi na shigowa daga rugage, makiyayi zai wuce ta bayan gida da tasa rediyon rataye a kafaɗa. Abin da suka iya kashewa kawai shi ne rediyon Iya. Tun da idonta ya tafi ita ce abokiyar hirarta, tana ajiye da ita a gefen tabarma. Ranar Asabar da suka dawo daga asibiti, babban yayan ya buɗe bayanta ya juya batir ɗaya, ya ce mata ta lalace.

Sun gabatar da ni a matsayin baƙo daga Haɗeja. Kuskuren da aka yi shi ne matar ɗaya daga cikin yayyen ta ce ai malamin aikin rediyo ne. Nan take Iya ta laluba ta ɗauko rediyonta, ta miƙo mini da hannunta mai lafiya. Na buɗe, na ga batirin a juye, 'ya'yanta biyu suna tsaye a kaina suna kallona. Na rufe na ce mata sai an kai gari. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba.

Ta ce, "To ɗan nan, tafi da ita ka gyara mini, amma ka dawo da ita kafin Juma'a. Ranar ce ake karanta gaishe-gaishe. Ina da yaro a Chadi, ban sani ba ko zai samu wanda zai aiko da tasa."

Na ce mata in Allah ya yarda. Ta sa mini albarka har na fita daga gidan.

Rediyon tana gabana a kan tebur yanzu da nake rubutun nan. Lafiyarta ƙalau. Gobe Alhamis zan sake zuwa ƙofarka da ita a hannu tun da safe, in zauna har ka fito, ka gaya mini da bakinka ko in mayar wa tsohuwar nan da abarta ko in ci gaba da yi mata ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora a kan amanar da ke hannunka. In mahaifiyarka na raye Allah ya ja kwananta, in ta rasu ya jiƙanta da rahama. Ya kuma sa ka karanta wannan kafin a sauko daga masallaci jibi.

Wassalam.

Malam Habu,
mai koyar da aikin rediyo,
Haɗeja.