Kwalaben da Ka Jera Sun Ci Hannuna

Zuwa ga Alhaji, mamallakin makarantar sakandaren da ya kore ni a Maitumbi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da hannun hagu nake wannan rubutu, ka kuwa san abin da ya sami na dama.

Na ɗaya. Tun da na fara koyar da Kemistiri a makarantarka na raba kantocin ɗakin gwaji gida biyu. Gefe ɗaya na sinadaran oganik ne, masu tushen kabon, irin su giliserin da etanol, yawancinsu masu cin wuta. Ɗaya gefen na inoganik ne, a cikinsu akwai masu tayar da wutar, kamar garin famanganet. Ko ɗan aji huɗu ya san ba a haɗa su kanta ɗaya.

Na biyu. Ana gobe taron iyaye, bayan na tashi aiki, ka sa aka buɗe ɗakin, wai jerin nawa ba zai yi kyau a hoto ba. Aka jera maka kwalabe bisa tsayi kamar shagon turare, giliserin ya koma jikin famanganet. Washegari wata ɗaliba ta ture su, suka fashe tare, wuta ta kama hijabinta. Da hannun daman nan na kashe wutar, Alhaji, kai kana tsakar makaranta kana gaisawa da baƙi.

Na uku. Ina kwance a asibiti ka ce wa iyaye sakacina ne, ka sallame ni. Yau duk makarantar da na nema a Minna, labarin malamin da ya kusa ƙone 'yar mutane ya riga ni isa. Wallahi ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Buƙatata ɗaya ce: ka tara iyayen nan ka faɗa musu da bakinka wanda ya sa aka jera kwalaben. In ka ƙi, masu duba makarantu zan ɗauko, kuma ba sai mun shiga ciki ba. Allon tallan da ka kafa a bakin titi ya ishe mu: ga ka nan kana murmushi cikin babbar riga, ga kwalaben a bayanka, dogo kusa da dogo.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, don ina so ranar ta same ka garau.

Wassalam.

Tsohon malaminka na Kemistiri,
Tudun Fulani, Minna.