Madarar Dogo

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, wanda masu ɗaga ƙarfe ke kira Koci. Da hankalina nake wannan rubutu, ƙodata ce ta gaji, ba kaina ba. Sau uku a mako ake jona ni da injin wankin ƙoda, ina kallon jinina yana fita yana dawowa. Ba na jin tsoro, ba na jin komai. Likita ya ce allurar ƙarin ƙarfi ta shekara goma sha tara ce ta kawo ni nan, ban yi masa musu ba.

Na ɗaya. Sandar ƙarfe da faya-fayanta na Auta ne, tunda shi ke horar da mutane yanzu. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafar benci kada ka cire shi, ya girme ka.

Na biyu. Ɗamarar fata taki ce, Iya, 'yata guda. Ko bokiti ba kya ɗagawa sai da mita, na sani. Amma ke kika huda mata rami da ƙusa lokacin da na kumbura, ke kika huda wani da na rame.

Na uku. Lambobin yabo bakwai suna cikin gwangwanin biskit. Biyun farko gumina ne, a ba jikoki. Sauran biyar allura ce ta ci su, a zubar. Ranar da na ɗaga kilo ɗari biyu da goma jama'a suna ta ihu, ni kuwa ina tunanin inda na ɓoye sirinji.

Na huɗu. Bayan akwatin allin shafa hannu akwai leda mai kwalabe da ƙwayoyi. Iya ta kai asibiti a ƙona, kada a ba kowa ko guda.

Na biyar naka ne, Dogo, babban ɗana. Shekara shida ke nan da gwajin fitsari ya kama ka, aka dakatar da kai. Ka rantse ba ka taɓa shan komai ba, kuma gaskiya ka faɗa. Ka ɗora wa Auta, don shi ke riƙe maka gorar ruwa a wurin atisaye, shi kuma ya samu gurbinka a gasa. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa ku ba.

Ni ne. Kowace safiya ni nake haɗa maka madara da ƙwai, in murƙushe ƙwaya da bayan cokali in zuba. Wata biyar ina yi, saboda kilo bakwai kacal ya rage maka ka iya ɗaga nauyin da zai ci gasa. Na daina zubawa saura kwana ashirin a yi gasa, yadda muke yi a zamaninmu don ta fice daga jiki. Ban san na'urar gwaji ta canza ba. Ranar da ka shaƙe ƙanenka a bakin ƙofa, ina zaune a benci ina naɗe bandeji, kuma sai da na gama naɗe shi tsaf. Mahaifiyarku ta rasu tana tambayata me ya shiga tsakaninku, ina ce mata ƙuruciya ce.

Na so a ce ina hawaye yanzu, amma idona a bushe yake. Yafiya tana hannunka, ba zan matsa maka ba. Auta dai bai yi maka komai ba.

Na shida. Na rubuta wa hukumar wasanni takarda, na sa hannu, tana ƙarƙashin matashina. Ba za ta dawo maka da shekarunka ba, sunanka kawai za ta wanke.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku, ya bar muku lafiyar da aka haife ku da ita. Ku riƙe juna, ku riƙe Iya, kada gidan nan ya watse. Ranar da za a fitar da ni, Dogo da Auta su kama gaban makara. Kilo hamsin da takwas nake yanzu, kowannenku zai iya shi kaɗai. Ku ɗauka tare.