Minti Shidan Gwaggo Furera

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Tasawa. Konjena, hutun aikin da na samu, wata guda ne da 'yan kwanaki.

Na iske Gwaggo Furera yadda aka faɗa mini a waya: kwance. Wata takwas ke nan. Likitan Maradi ya ce hayaƙin shekara talatin na suyar ƙosai ne ya ci mata huhu, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ba ta maganin shaƙa, ya ce ta riƙa tafiya. Mutanen gida suka karɓi maganin, suka bar mishi tafiyar. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, mutum uku sun zabura: "Kwanta, Gwaggo, ki huta!" Ƙauna ta kusa ƙarasa abin da hayaƙi ya fara.

Ramlatu, matar ɗanta Zubairu, za ta haihu ƙarshen wata. Gidansu can bayan kasuwa. Gwaggo ta rantse ko ta je sunan da ƙafarta ko ta zauna, ba mai ɗora ta a amalanke kamar buhun wake.

Laraba, 4 ga Satumba

Na karanta takardu kan yadda ƙasashen duniya ke tsara abin. Kusan bakinsu ɗaya: mako shida zuwa takwas, sau biyu a mako, marasa lafiya a haɗe, ana motsa jiki ana koyon numfashi. Masu hali suna da ɗaki na musamman a asibiti, har da keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Wasu a gida suke yi, ana bin su ta waya. Kafin a fara, a auna nisan da mutum zai yi cikin minti shida.

Mu muna da lungu, da agogo, da ni. Na ja layuka a kaye, littafin rubutuna. Shekaruna biyar a jami'ar Yamai ba su tafi banza ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Gwajin minti shida: minti arba'in da biyu.

Taku goma sha ɗaya muka yi, Hamsatu mai nono ta hango mu. Ta sauke ƙwarya. Ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya damina, ya yara, ya shanu. Suka kai ƙarshe, suka dawo farko. Na ce, "Gwaggo, agogo na tafiya." Ta ce, "To ki gaishe shi in ya isa." Bayan Hamsatu sai tela, bayan tela sai matar liman.

Na rubuta: gwaji ya lalace.

Talata, 10 ga Satumba

Dabara: na fito da ita bayan azahar, ba kowa a lungu. Taku talatin ta ce ta gaji, kuma wa ma za ta gani?

Talata, 17 ga Satumba

Darasin numfashi. Shaƙa ta hanci, tsuke leɓe, saki a hankali. Ta yi shi daidai tun karon farko. "Ke ɗiyar nan, shekara sittin ina hura kunu, yau za a koya mini da faransanci?" Ta yi dariya har tari ya kama ta. Amma ta yi dariyar.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na zauna da kayen. Duk ranar da ta fi yin nisa, ranar da aka fi tsare ta da gaisuwa ce. Takardun suna da suna mai tsawo na tafiya kaɗan, hutu kaɗan. A nan ana ce mishi ina kwana.

Salamatu mai tuwo ma tari take, yanzu tana bin mu. Hamsatu na raka su da ƙwarya a ka. Ga rukunin da takardu suka ce a haɗa, ba wanda ya shawarce ni.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ramlatu ta sauka lafiya. Mace.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Suna. Zubairu ya turo ɗan kabu-kabu, Gwaggo ta sallame shi tun daga zaure.

Lungunmu lafiya lau, kowace ƙofa da gaisuwarta. A gefen kasuwa ne abin ya ɓaci. Doguwar katanga, ba ƙofa, ba wanda ta sani. Ta dafa bango, ƙirji na sama da ƙasa, ido ya fito. Na san in mutane suka lura, amalanke za su kira.

Sai na tare wata mata da ban taɓa gani ba. Ina kwana, ya gida, ya maigida, ya gero bana, ya mutanen Urafan, tunda ta ce daga can take. Har awakinta na tambaya. Baiwar Allah ta amsa duka, ta tambayi nawa. A bayana Gwaggo na hura kununta. Can na ji ta ce, "Aziza, kin cika surutu, mu je."

Ta shiga gidan da ƙafarta. Guɗar da aka yi, sai da jaririya ta farka. Sunanta Furera. Gwaggo ta ɗauki takwararta ta ce huhun wannan kam ba ya buƙatar likita.

Litinin, 7 ga Oktoba

Zubairu ya tambaye ni minti nawa muka yi jiya. Ban sani ba. Agogon yana kan katifa. Mantuwa ce.

Motar Yamai ta tafi ta bar ni. Hamsatu na gamu da ita a hanyar tasha, kuma saniyarta ba ta da lafiya, ba a wuce irin wannan a tsaye. Akwai wata motar gobe. Jibi ma akwai.