'Ya'yana Suna Cikin Firizar Farfesa

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa.

Na gama digirin digirgir a kan wasu ƙwayoyin halitta masu cinye baƙin mai a cikin ruwa. Da hannuna na ɗebo su daga kwatar wani gareji, kanikawa suna ta yi mini dariya. Na raine su kamar 'ya'ya. In aka ɗauke wuta, ni ce da gudu neman ƙanƙara. Har yayata ta laƙaba mini Uwar 'Yan Kwata.

Yanzu wata jami'a ta ɗauke ni aikin bincike na shekara biyu, irin wanda ake ba sababbin daktoci, don in ɗora daga inda na tsaya. Farfesana yana jin labari ya kulle firizar da suke ciki, ya jefa makulli a aljihu. Wai al'adar ɗakin bincike ce, abin da aka haifa a garkensa nasa ne. In zauna in ci gaba da riƙe masa ɗalibai, wata rana a samo mini gurbi. Wace ranar?

Na ɗauki jakarsa, na duba masa jarrabawa, ya sa sunansa a gaban nawa a takardun binciken da na rubuta, duk na jure. Tura ta kai bango, wallahi raina ya ɓaci. Tafiya kam ba fashi, ko sama da ƙasa za su haɗe. Na san inda ɗaya makullin yake, ina kuma da flas mai riƙe sanyi. Anti, ɗaukar abinka sata ce?

Uwar 'Yan Kwata

Amsa

'Yata, ki tafi, irin wannan damar ba ta jiran mutum. Amma flas ɗin nan ki bar shi na shayi.

Farfesa ya yi son kai, sai dai ki duba, hannun damansa ne zai tafi, tsoro ne ya sa shi riƙe makulli. Kuma firiza da sinadaran da suka rayar da ƙwayoyin na jami'a ne. Ranar da kika fitar da sakamako, tambayar farko ita ce ina kika samo su. Me za ki ce? Mai bincike ba shi da jarin da ya wuce sunansa.

Ki sa sabon shugabanki ya nemi kaso daga jami'arku a hukumance. Ke kuma ki je ki gaishe da malaminki, ki tabbatar masa ba za a manta da haƙƙinsa ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

In ya ƙi, kada ki zubar da hawaye ko ɗaya. Ya kulle firiza, amma bai kulle hannun da ya ɗebo su ba, kwatar garejin kuma ba ta da makulli.

Allah ya ba ki sa'a, Dakta. Ki gaida kanikawa.